Karkatar tunani a binciken salsala

Karkatar tunani a binciken salsala wani nau'in kuskure ne da masu binciken asalin iyali ke faɗawa a kai a kai, wanda tushensa shi ne yadda ƙwaƙwalwar ɗan Adam ke yanke hukunci a lokacin da hujja ba ta cika ba. Ta sha bamban da ƙarya ko ƙirƙirar asali da gangan, domin mai binciken yakan kasance da kyakkyawar niyya, kuma bai san tunaninsa ya karkata ba. Tana bayyana ne wajen zaɓen takardar da za a yarda da ita, da mutumin da za a tambaya, da lokacin da za a ce bincike ya isa.

Binciken salsala jerin hukunce-hukunce ne, kowanne ya dogara da wanda ya gabace shi. Idan aka jingina mutum ga wanda ba mahaifinsa ba a hawa ɗaya, duk kakannin da aka jero daga nan zuwa sama na wani gida ne, ko da an tattara takardunsu daidai. Kuskuren yakan wuce takarda, domin ana kafa hujja da salsala wajen rabon gado, neman sarauta, shari'ar filaye, neman takardar zama ɗan ƙasa, da tantance cututtukan da ake gada.

Asalin nazarin

Malaman tarihi sun daɗe da lura da wannan matsala. A cikin Muƙaddima, wadda ya rubuta a shekarar 1377, Ibn Khaldun ya jero dalilan da ke sa ƙarya shiga labarai. Daga cikinsu akwai goyon bayan wani ra'ayi, da yawan amincewa da masu ruwaya, da neman kusanci ga masu mulki ta hanyar yabo. Ya yi bayanin cewa idan zuciya ta riga ta karkata ga wani ra'ayi, takan karɓi labarin da ya dace da shi ba tare da tantancewa ba. Ya kuma ba da ma'aunin gwada salsala: a lissafa kakanni uku a kowace shekara ɗari, idan adadin ya yi nisa da haka to akwai ragi ko ƙari.

A ƙarni na 20 masana ilimin halayyar ɗan Adam suka fara auna matsalar ta hanyar gwaji. A 1960 Peter Wason na Ingila ya ba ɗalibai lambobi 2, 4, 6, ya ce su gano ƙa'idar da ta haɗa su ta hanyar kawo wasu lambobin. Ƙa'idar ita ce duk lambobi uku da ke hawa sama. Yawancin ɗaliban sun riƙa kawo misalan da suka dace da hasashensu kaɗai, ba su gwada wanda zai rushe shi ba, don haka kaɗan ne suka dace a karon farko. A 1974 Amos Tversky da Daniel Kahneman suka wallafa maƙala a mujallar Science, inda suka nuna cewa mutane na amfani da gajerun hanyoyin tunani masu haifar da kurakurai iri ɗaya. Kahneman ya samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2002. Daga baya masu koyar da binciken salsala suka ɗauki wannan fahimta suka shigar da ita cikin aikinsu.

Dalilan da suka sa fagen ke da rauni

Abu na farko shi ne mai binciken yana da ruwa da tsaki a sakamakon. Galibi iyalinsa yake bincike, don haka shi ne mai ƙara kuma shi ne alƙali. Na biyu, hujjojin ba su cika cika ba. Gobarar da ta tashi a birnin Washington a 1921 ta lalata mafi yawan takardun ƙidayar Amurka ta 1890, kuma a 1922 ofishin adana takardun gwamnati da ke Dublin ya ƙone a farkon yaƙin basasar Ireland, tare da takardun ƙidaya da wasiyyoyi na ɗaruruwan shekaru. Inda aka samu giɓi irin wannan, zato ne ke cike shi.

Na uku shi ne yawan kakanni. Kowane mutum yana da iyaye 2, kakanni 4, iyayen kakanni 8. A hawa na goma guraben sun kai 1,024. Babu mai iya bin su duka, saboda haka dole a zaɓi reshen da za a bi, kuma zaɓen kansa hukunci ne da son rai ke iya shiga.

Ire-iren karkata

Neman gaskata abin da aka riga aka yarda da shi. Wannan ita ce mafi yawa. Mai bincike yana fara aiki da labarin da ya ji a gida, sai ya riƙa ɗaukar duk takardar da ta dace da labarin a matsayin hujja, wadda ta saɓa kuma ya ce kuskuren magatakarda ne.

Maƙalewa ga bayanin farko. A gwajin Tversky da Kahneman, an juya wata ƙafar caca da aka shirya ta tsaya a kan 10 ko 65, sannan aka tambayi mutane kashi nawa cikin ɗari na ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya ne na Afirka. Matsakaicin amsar waɗanda suka ga 10 ya kasance 25, na waɗanda suka ga 65 kuma 45. A binciken salsala, shekarar haihuwa ta farko da aka gani takan zama ma'aunin sauran, ko da ba ta da ƙarfi. A ƙidayar Ingila ta 1841, alal misali, an umarci masu ƙidaya su rage shekarun duk wanda ya haura 15 zuwa adadin da ke rabuwa da biyar, ta yadda mai shekara 29 zai fito da 25.

Ruɗin takwara. Shi ne ɗaukar mutum biyu masu suna ɗaya a gari ɗaya a matsayin mutum guda. Haɗarin ya fi yawa a al'ummomin da sunaye kaɗan ke yawo a tsakanin jama'a, da inda ake raɗa wa jika sunan kaka.

Dogaro da abin da ke kusa da hannu. Takardun da aka ɗora a intanet sun fi saurin samuwa, sai a ɗauka su ne duk abin da ke akwai, alhali da yawa na nan a ɗakunan ajiya, kotuna da hannun iyalai.

Ruɗin maimaici. Magana takan ƙara kama da gaskiya idan aka ji ta sau da yawa. A shafuka irin su Ancestry, FamilySearch da MyHeritage, masu amfani kan kwafi salsala daga juna. Salsala ɗari da suka yi daidai na iya komawa ga kuskuren mutum ɗaya, don haka shaida ɗaya ce aka maimaita sau ɗari.

Kwaɗayin babban asali. Mutane sun fi saurin yarda da hujjar da ta haɗa su da sarki, malami ko jarumi. Gustave Anjou, ɗan asalin Sweden da ya rasu a 1942, ya yi shekaru yana sayar wa attajiran Amurka salsaloli na jabu, kuma wasu daga cikin ƙirƙire-ƙirƙirensa sun shiga littattafan da ake kwafa har yanzu. Shi maƙaryaci ne da gangan, amma kasuwarsa ta ci ne saboda masu saye ba su da sha'awar tuhumar abin da ya faranta musu rai.

Ƙin asarar wahalar baya. Wanda ya shafe shekaru yana bin wani reshe, ko ya riga ya buga littafi ya raba wa dangi, yakan ji nauyin amincewa cewa reshen ba nasu ba ne.

Karkatar abin da ya tsira. Takardu sun fi ambaton masu dukiya, masu mulki da maza. Mata, talakawa, bayi da yaran da suka rasu da ƙuruciya sukan ɓace, sai iyalin ya fito da kamar da ba tasa ba.

Labarin Roots

Misalin da aka fi tattaunawa shi ne littafin Roots na marubucin Amurka Alex Haley, wanda ya fito a 1976, aka mayar da shi shirin talabijin a 1977. Haley ya taso yana jin labarin wani kakansu ɗan Afirka daga bakin kakarsa a garin Henning na jihar Tennessee. A 1967 ya je ƙauyen Juffure a Gambiya, inda wani dattijo mai suna Kebba Kanga Fofana ya ba shi labarin Kunta Kinte, saurayin da ya fita saran itace bai dawo ba. Haley ya haɗa wannan da jirgin bayi mai suna Lord Ligonier da ya isa Annapolis a 1767, da kuma wani bawa mai suna Toby a takardun iyalin Waller na jihar Virginia.

A 1977 ɗan jarida Mark Ottaway na jaridar Sunday Times ya ruwaito cewa Fofana ba cikakken jali ba ne, wato maroƙin da ya gaji haddace salsalar gidaje a al'adar Mandinka. A 1981 masanin tarihi Donald Wright ya nuna cewa Haley ya riga ya faɗa wa mutane a Gambiya labarin da yake nema kafin a kai shi wurin dattijon, don haka akwai yiwuwar labarinsa ne aka dawo masa da shi. A wannan shekarar Gary Mills da Elizabeth Shown Mills suka bi takardun Virginia, suka tarar sunan Toby ya bayyana tun 1762, shekara biyar kafin isowar jirgin.

Haley ya amince cewa hirarraki da yawancin al'amuran littafin ƙagaggu ne, amma ya tsaya a kan cewa salsalar gaskiya ce. Masana na kawo labarin a matsayin darasi kan abubuwa biyu: haɗarin sanar da mai ba da labari amsar da ake so, da haɗarin tsayawa a kan suna na farko da ya dace. Duk da haka, ba a musun cewa littafin ya zaburar da ɗimbin baƙaƙen fatar Amurka su nemi asalinsu.

Labarin Jefferson da Hemings

Karkata na iya sa a ƙi gaskiya kamar yadda take sa a karɓi kuskure. A 1873 Madison Hemings ya shaida wa wata jarida a jihar Ohio cewa Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku, shi ne mahaifinsa da 'yan uwansa, kuma mahaifiyarsu ita ce baiwarsa Sally Hemings. Jikokin Jefferson kuwa sun jingina 'ya'yan ga Peter ko Samuel Carr, 'ya'yan 'yar uwarsa. Fiye da shekara ɗari yawancin masana tarihi suka fifita maganar jikokin. A 1997 Annette Gordon-Reed ta wallafa littafin da ya nuna cewa an auna shaidun biyu da ma'auni daban-daban: an tuhumi na tsohon bawa, an karɓi na fararen dangi ba tare da irin wannan tuhuma ba.

A 1998 gwajin DNA da Eugene Foster ya jagoranta ya nuna cewa wani daga zuriyar Eston Hemings, autan Sally, yana ɗauke da ƙwayar gadon maza ta gidan Jefferson, ba ta gidan Carr ba. Gwajin kaɗai bai iya ware Thomas daga sauran mazan gidan ba, amma da aka haɗa shi da bayanan da ke nuna yana gidansa na Monticello a lokutan da aka ɗauki cikin yaran, gidauniyar da ke kula da gidan ta bayyana a 2000 cewa akwai yiwuwa mai ƙarfi shi ne mahaifin. Wasu tsiraru na jayayya har yanzu. Wannan gwajin dai ya saɓa wa labarin iyalin Woodson, waɗanda su ma suka daɗe suna riƙe da cewa kakansu ɗan Jefferson ne. Ke nan gwaji ɗaya ya ƙarfafa wani tarihin baka, ya raunana wani.

Tarihin baka

A wuraren da salsala ke tafiya da baki, sauyin yakan faru tun kafin mai bincike ya iso. Jan Vansina, a littattafansa na 1961 da 1985, ya nuna cewa ana tuna kakanni na kusa da kuma wanda ya kafa gida, na tsakiya kuma su narke. David Henige ya yi bayani a 1974 kan yadda jerin sunaye ke gajarcewa ko tsawaita, da yadda abin da aka buga a littafi ke komawa cikin tarihin baka har a ɗauka gadonsa aka yi.

Jack Goody da Ian Watt sun kawo misali daga masarautar Gonja a arewacin Ghana a 1963. A farkon mulkin Ingila an rubuta cewa Ndewura Jakpa, wanda ya kafa masarautar, yana da 'ya'ya bakwai, daidai da yankuna bakwai na ƙasar. Bayan kimanin shekara sittin, lokacin da biyu daga cikin yankunan suka shuɗe, sai aka riƙa ba da labarin da 'ya'ya biyar. Laura Bohannan ta ga makamancin haka a wurin Tibi na Najeriya a 1952, inda ake daidaita salsala da dangantakar da ke tsakanin gidaje a yanzu. Masana ba su ɗauki wannan a matsayin ƙarya ba. Aikin salsala a irin waɗannan al'ummomi shi ne bayyana wa ke da haƙƙi a kan me a yau, kuma kuskuren na mai binciken ne idan ya karanta ta kamar rajistar haihuwa.

A ƙasar Hausa

Al'adun suna na Hausawa na buɗe ƙofar ruɗin takwara. Sunayen yanka irin su Muhammadu, Abubakar, Usman, A'ishatu da Fatsuma na maimaituwa a kowane hawa. Saboda alkunya, yaron da ya ci sunan kakansa akan kira shi Abba ko Baba, yarinya kuma Ummi ko Inna, har a manta sunan yankan. Mutum ɗaya na iya fitowa da sunan yanka a takardar kotu, da laƙabi a bakin dangi, da sarautarsa a takardun En'e, alhali sarauta kamar Galadima ko Madaki mutane da yawa ne suka riƙe ta bi da bi. Ɗaliban makarantun boko na farko da yawa sun ɗauki sunan garinsu, kamar Abubakar Tafawa Ɓalewa, Aminu Kano da Shehu Shagari, saboda haka tarayya a suna na biyu ba ta nuna tarayya a jini.

Kalmomin dangantaka ma na da faɗi. Ana kiran wan uba ko ƙanensa baba, ɗan ɗan'uwa kuma ɗa. Al'adar riƙo na sa a jingina yaro ga wanda ya rene shi. Littafin Baba of Karo na Mary Smith, wanda ya fito a 1954, ya nuna yadda riƙo da aure-aure ke cuɗa gidaje a ƙasar Zazzau, kuma yana cikin rubuce-rubuce ƙalilan da suka bi dangantaka ta bakin mace.

Wajen lokaci, dattawa kan auna haihuwa da manyan al'amura, kamar zuwan Turawa Kano a 1903, yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, ko zuwan Sarauniyar Ingila a 1956. Shekarar Hijira kuma ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, abin da ke tara kusan shekara uku a ƙarni guda. Hatta shekarar 999 da ake yawan ambata a matsayin farkon sarautar Bagauda ba a rubuce take a cikin Tarihin Kano ba. An same ta ne ta hanyar lissafa tsawon mulkin sarakuna a koma baya, a fassarar H. R. Palmer ta 1908. Yawan maimaita ta ya sa ake ɗaukar ta kamar tabbatacciya.

Gidajen sarauta da na malamai da dama a yankin na danganta asalinsu da Gabas, kamar yadda Sefawa na Borno suka danganta kansu da Saifu ɗan Zi Yazan na Yemen. Marubutan zamanin mulkin mallaka irin su Palmer sun karɓi irin waɗannan labarai da sauri, domin sun dace da ra'ayinsu cewa tsarin mulki daga waje ya shigo Afirka. Abdullahi Smith, wanda ya kafa Gidan Arewa a Kaduna, ya soki wannan fahimta a wata maƙala ta 1970 kan kafuwar daulolin ƙasar Hausa.

Gwajin ƙwayoyin halitta

Gwajin DNA ya kawo hujjar da ba ta dogara da tunanin kowa ba, amma fassara shi na hannun mutane. Ƙwayar gadon maza na bin layin uba kaɗai, wata kuma na bin layin uwa kaɗai. A hawa na goma kowannensu na magana ne a kan gurbi ɗaya cikin 1,024. Kason ƙabila ko yanki da kamfanoni ke bayarwa ƙiyasi ne da ke canzawa idan aka sabunta rukunin mutanen da ake kwatantawa da su. Sakamakon na iya saɓa wa takarda. Bayan gano ƙasusuwan Sarki Richard na III a Leicester a 2012, binciken da aka wallafa a 2014 ya samu daidaito ta layin uwa, amma bai samu ta layin uba ba, abin da ke nuna cewa a wani hawa mahaifin da aka rubuta ba shi ne na jini ba.

Hanyoyin kariya

Hukumar tantance masu binciken salsala ta Amurka, wadda aka kafa a 1964, ta fitar da ma'aunin hujja a 2000 mai sharuɗɗa biyar: bincike mai faɗi gwargwadon iko, ambaton tushen kowane bayani, nazari da kwatanta hujjoji, warware saɓanin da ke tsakaninsu, da rubuta hukunci tare da dalilansa. Sauran matakan da ake koyarwa sun haɗa da:

Farawa daga abin da aka sani a koma baya hawa-hawa, maimakon farawa daga wani shahararren mutum a gangaro.

Tambayar wa ya ba da bayanin, yaushe, kuma me zai samu. Takardar mutuwa hujja ce mai ƙarfi kan ranar rasuwa, amma mai rauni kan ranar haihuwa.

Jera rayuwar mutum bisa shekaru, domin abin da ba zai yiwu ba ya fito fili, kamar haihuwa bayan rasuwar uwa.

Bin maƙwabta, abokan hulɗa da shaidu domin bambance takwarori.

Yin hira da dattawa ɗaya bayan ɗaya, da tambayoyin da ba su ɗauke da amsa a cikinsu, tare da tambayar daga wa suka ji.

Rubuta wuraren da aka duba ba a samu kome ba, da rarrabe tabbas, rinjayen zato da hasashe.

Muhawara

Wasu masana, musamman Gerd Gigerenzer na Jamus, na ganin an zuzuta aibin gajerun hanyoyin tunani, domin a hannun gwani sukan kai ga daidai cikin sauri. A binciken salsala ma hasashe ne ke nuna inda za a duba, kuma labarin gida sau da yawa na ɗauke da ƙwayar gaskiya, kamar yadda lamarin Hemings ya nuna.

Akwai kuma shaidar cewa sanin sunayen karkata bai isa magani ba. Binciken Emily Pronin da abokan aikinta a 2002 ya nuna mutane sun fi ganin karkata a wurin wasu fiye da kansu. Wani gwaji na Charles Lord da abokansa a 1984 ya gano cewa umartar mutane su yi adalci bai rage karkata sosai ba, amma umartar su su yi tunanin yadda za su auna hujjar da a ce akasin haka ta nuna ya yi tasiri. Saboda haka masu koyar da fannin suka fi dogara da tsarin aiki a kan kyakkyawar niyya: a rubuta tun farko irin hujjar da za ta rushe hasashe, a fita neman ta, sannan a miƙa sakamakon ga wanda ba ɗan gidan ba ya duba.